FILIN MANOMA DA MAKIYAYA: Gyaran kabiretar injin ban ruwa da maida shi mai shan gas

Damina ta wuce, gero ya shiga rumbu. Yanzu aiki ya koma garka. Daga Mirya zuwa Gidimuni, da fadamun Korama ta wajen Matamai da Magarya, tun da asuba ƙarar inji ake ji. A da jigo da guga ne ke ba rake da albasa ruwa. Bayan farin 1984, lokacin da Janar Seyni Kunce ya yi kira ga jama'a su kama noman rani, garake suka yawaita. A hankali injin ban ruwa ya shigo, har ya zama shi ne jakin mai garka. Makiyaya ma wasunsu da shi suke ɗebo ruwan dabbobi daga tabki.

Injin nan ba ya cin ciyawa. Fetur yake sha, wato isansi. Kuma isansi ba kullum yake samuwa da sauƙi ba. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, sai na ƴan ruwa-ruwa da ke shigowa daga can ya yi tsada. A watan Maris na 2025 kuma an yi ƙarancin isansi a ƙasar nan, aka yi ta dogon layi a gidajen mai. Salati da tumatir kuwa ba su san layi ba. Kwana uku babu ruwa a watan zafi, aikin wata biyu ya tafi.

Shi ya sa masu garka da yawa suka juya ga gas ɗin dafuwa. Tun 2011 matatar Soraz, wadda ke arewa da Damagaram a kan hanyar Tanut, take tace man da ake turowa daga Agadem. Tana fitar da isansi da gazuwal da gas. Gas ɗin nan shi ake ɗurawa cikin tukwane masu kilo 3, da kilo 6, da kilo 12 da rabi. Manoma suka gano inji yana tashi da shi in an taɓa kabireta. Dabara ce mai kyau, kuma tana rage kashe kuɗi. Amma aikin yana da ƙa'ida. Wanda ya tsallake ta, ko inji ya lalace, ko wuta ta tashi.

MENE NE AIKIN KABIRETA?

Kabireta ita ce ƴar ƙarfen nan da ke tsakanin matacin iska da jikin inji. Aikinta ɗaya ne. Tana gauraya mai da iska, kamar yadda mai fura ke gauraya fura da nono. In nono ya yi yawa ba daɗi, in fura ta yi yawa ba ta shawuwa.

Inji ya fi shan iska bisa ga mai, nesa ba kusa ba. Kilo 1 na isansi yana bukatar iska wajen kilo 15. In aka auna da tano mai lita 200, lita 1 ta isansi tana tafiya da iska cikin tano wajen 45. Duk wannan iskar ta maƙogwaron kabireta ya kamata ta bi. A nan ne take jan mai daidai gwargwado.

A ƙasan kabireta akwai ɗan kofi inda isansi ke taruwa. Cikinsa akwai ƴar roba mai iyo a kan mai. In kofi ya cika sai ta taso ta tura wata ƴar allura, allurar ta rufe hanya. In mai ya ragu sai ta sauka, hanya ta buɗe. A tsakiyar kofin akwai ɗan ƙarfen tagulla mai ƴar huda. Ta wannan huda mai ke hawa zuwa maƙogwaro. Hudar da ƙyar ido ke ganinta, amma a ma'aikata aka auna ta.

To, in iska ta samu wata kafa ta shiga bayan maƙogwaro, ba ta ja mai ba. Ita ce ɓarauniyar iska. Inji sai ya riƙa shan iska da yawa, mai kaɗan. Alamunsa ba su ɓuya. Ƙararsa tana hawa tana sauka kamar mai haki. Ba ya tsayawa sai an ja masa cok rabi. Jikinsa yana zafi fiye da yadda aka saba. In an kwance buji, wanda masu koyon aiki a Kano ke kira fulogi, za a ga bakinsa fari fat. In aka bar shi haka, bawul ɗin fitar hayaƙi ya ƙone, gyaran ya zama na jikkuna.

In kuwa mai ne ya yi yawa, hayaƙi baƙi ne, buji ya yi baƙi da kunkunniya, tanki yana ƙarewa da wuri. Buji mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne, kamar bayan ƙosai.

Ga inda ake yawan ɓata aiki. Manomi ya kai inji kasuwa, ya ce wa yaron makanike: "Yaro, injin nan ba ya shan mai sosai." Yaro ya ce: "Baba, hudar ce ta yi kaɗan, bari in buɗa ta." Sai ya ɗauko allura ko waya ya sossoka. Inji ya tashi, Baba ya biya ya tafi yana murna. Amma ɓarauniyar iska tana nan inda take. An dai ƙara mai ne don a rufe ta. Daga ran nan inji zai riƙa shan mai fiye da da, kuma hudar da aka buɗa ba ta komawa. Tagulla tana da taushi, allura ta fi ta ƙarfi. In huda ta toshe da dauɗa, a wanke ta da isansi, a hura ta da famfon keke. In ta ƙi, a zare silin tsintsiyar roba ko gashin buroshi a bi da shi a hankali. Abin da ya fi wannan ƙarfi bai kamata ya shiga ba.

Dauɗar kuma daga mai take zuwa. Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ƙasa ko ɗigon ruwa. A tace shi da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki. Matacin iska ma a riƙa wanke sosonsa, musamman lokacin hazo da ƙura.

TAKARDUN LIƘI

Yawancin injunan da ke garake Honda GX160 ne, ko kuma irinsa da ake ƙerawa a ƙasar Sin. Ginin kabiretarsu ɗaya ne. Noti 2 ne ke riƙe da ita, ana kwance su da kile mai lamba 10. In an zare ta za a ga abubuwa a jere kan ƙarafa biyu. Akwai abin liƙi tsakanin matacin iska da kabireta. Akwai takarda tsakanin kabireta da wata baƙar roba mai tauri. Akwai kuma wata takarda tsakanin baƙar robar da jikin inji. Masu gyara suna kiran takardun nan juwan, wasu su ce gaskit. Baƙar robar kuwa ita ke hana zafin inji ya kai ga kabireta.

Takardun nan biyu na ciki su ne ƙofar ɓarauniyar iska. Duk lokacin da aka kwance kabireta, takarda na iya yagewa. Wani sai ya maida ta a yage. Wani ya jefar da ita ɗungum, ya ce ai takarda ce. Wani ya maida ta a juye, ƴar hudar da ke gefenta ta kauce daga tata hanya. Kafin a zare komi, a duba yadda yake zaune. Wanda ya iya rubutu ya zana shi a littafinsa na makarantar yaƙi da jahilci, ya sa lamba 1, 2, 3. Ranar mayarwa zai gode wa alƙalaminsa.

Sabbin takardu suna samuwa wajen masu sayar da kayan inji, kuma ba su da tsada. Mai garka ya saye su biyu-biyu ya ajiye cikin gwangwani. In ta ɓaci a daji kuma babu sabuwa, ana iya yanka ta wucin gadi. A samu kwali marar kauri, irin na sukari. A shafa ɗan baƙin mai a fuskar kabireta, a danna kwalin a kai. Zanen zai fito da hudojinsa. A yanke da reza, a shafa masa giris kaɗan gaba da baya. Zai kai mutum ranar kasuwa. Ranar kasuwa kuwa a sayi ta gaske.

Abin da bai kamata a sa ba shi ne robar tayar keke. Isansi yana jiƙa ta, ta kumbura ta saki. Haka ma jan danƙon nan na silikon da ake matsowa daga tib. Isansi yana laushe shi, ya gutsure ya shiga hudoji ya toshe. Sabulu ya kan tsayar da yoyon tanki na yini guda, wannan tsohuwar dabarar direbobi ce. Amma a bakin kabireta girgizar inji tana karkaɗe shi.

Wajen ɗaure noti, hannu ya yi sauƙi. A ɗaura na dama kaɗan, a koma na hagu kaɗan, a dinga yi har su zauna tare. Mai ƙarfi da ya murɗe guda ɗaya har ƙarshe ya kan tsaga baƙar robar nan. Tsagar siririya ce, sai an ɗaga ta ga rana ake gani. Robar da ta tsage sai canji. In kuma fuskar kabireta ta lanƙwashe, a shimfiɗa takardar yashi mai laushi kan gilashi, a goga fuskar a hankali har ta daidaita, sannan a wanke.

Ga yadda ake kama ɓarauniyar iska. A tada inji, a bar shi yana tafiya a hankali. A tsoma gashin kaza cikin man inji, a bi bakin takardun da shi. In ƙarar inji ta canza sa'ad da mai ya taɓa wani wuri, nan kafar take. Kada a yi wannan gwaji da isansi. Inji da zafi, buji kusa.

Kofin ƙasa ma yana da zoben roba a bakinsa. In yana ɗigo ta nan, a canza zoben. In kuwa mai yana kwarara ta maƙogwaro alhali inji a kashe, allurar nan ce ba ta rufewa. Haɗarinsa biyu ne. Wuta na iya kamawa, kuma isansi ya kan gangara ya shiga man inji ya tsinka shi. Wanda ya zaro sandar gwajin mai ya ji warin isansi, ya juye man nan take. Injin GX160 lita 0,6 yake ɗauka, wato rabin lita da ɗan ƙari.

MAIDA INJI MAI SHAN GAS

Da farko a yi lissafi. Kilo 1 na gas yana da ƙarfin isansi wajen lita 1 da rabi ba kaɗan. Ke nan tukunya mai kilo 6 tana tsaya wa lita 8 da ƴan kai. Mai kilo 12 da rabi tana tsaya wa lita 17. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi daga tamma 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. A wannan farashi lita 8 jikka 4 ce ba kaɗan. Kowa ya san abin da yake biya a cika masa tukunya mai kilo 6 a garinsu, har da kuɗin mota. Ya cire wannan daga wancan, ya ga ribarsa. Sai dai lissafin yana fita ne in gas ɗin duka cikin inji yake shiga. Wanda ya tsere ta kafa, an biya kuɗinsa amma bai ɗago ruwa ko ƙwarya ɗaya ba.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce ta arha. A huda kabireta ko bututun matacin iska, a cusa ɗan bututun tagulla, a jona tiyo daga tukunya. Mai inji ya riƙa murɗa kan tukunya har ƙara ta daidaita. Inji yana tashi, ruwa yana zuba, ba gardama. Amma ga tambaya. In inji ya mutu shi kaɗai, mai garka yana can ƙarshen fangali yana juya ruwa, wa zai rufe gas? Babu. Gas zai ci gaba da fita har wani ya zo.

Hanya ta biyu ita ce kabireta da aka ƙera don shan biyu, isansi da gas. Ta yawaita a kasuwannin Najeriya tun 2023, lokacin da masu janareta suka koma gas, kuma irin ta GX160 tana hawa injin ban ruwa ba tare da huda komi ba. A jikinta akwai wani faifan ƙarfe mai fatar roba a ciki. Fatar nan ba ta barin gas ya wuce sai inji ya zuƙa. Inji ya tsaya, gas ya tsaya. Ta fi huda tsada, gaskiya ne. Amma kuɗinta bai kai na inji ba, balle na asibiti. Ƙungiyar manoma tana iya haɗa kuɗi ta aiki mutum ɗaya ya sayo wa kowa, a samu rangwame.

Ko wace hanya aka bi, a kan tukunya sai an sa abin rage ƙarfin gas, wanda ake kira detandar. Gas na cikin tukunya a matse yake, kuma zafin rana yana ƙara matsa shi. Tiyo kuma ya zama na gas. Tiyon ruwa da siririn tiyon ƙarin ruwa na asibiti suna bushewa su tsage. Kowane bakin tiyo a ɗaure shi da zoben ƙarfe mai noti. Ɗaurin robar taya yana saki in rana ta dake shi.

Wanda ya riga ya bi hanyar huda, to ya gyara ta. Ba a huda kabireta tana jikin inji, garin ƙarfe zai shiga ciki ya ci fistan. A cire ta, a huda, a wanke. Gas ya shiga ta gaban maƙogwaro, ɓangaren matacin iska. Bututun ya shiga da ƙyar, ba ya rawa. A kankare wurin ya yi fes, babu maiƙo, a liƙe da danƙon nan mai tib biyu da ake gaurayawa, irin Araldite, a bar shi yini da kwana kafin a tada inji. Ƙaramin danƙo mai bushewa nan take ba ya jure zafi da girgiza. Kuma mai irin wannan inji kada ya yi nisa da shi. Ya bar yaro mai hankali kusa da tukunya.

Bayan an gama haɗi, a yi gwajin kumfa. A dama omo ko sabulu cikin ƙwarya, a buɗe tukunya, a shafa kumfa a kan detandar da kowane bakin tiyo. Inda gas ke fita kumfa za ta riƙa tasowa. A rufe, a sake ɗauri, a sake gwadawa. Ana yin wannan duk lokacin da aka canza tukunya. Ba a neman yoyon gas da ashana.

Yanzu ga maganar rami, kuma ita ce mafi nauyi. Inji ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. Saboda haka in ruwa ya yi ƙasa cikin bazara, masu garka su kan haƙa rami gefen rijiya su saukar da inji. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi kusan ninki 2. In ya tsere ba ya tashi sama. Gangarawa yake yi kamar ruwa, ya kwanta a gindin rami, ido ba ya ganinsa. In ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Tartsatsin na iya fitowa daga wayar buji sa'ad da aka ja igiya, ko daga taba, ko daga garwashin shayi da ke bakin rami.

Don haka injin da aka yi wa huda kawai kada ya sauka rami. Mai kabiretar shan biyu ma, tukunya a waje take zama, a sama, cikin inuwa, nesa da salansa. Wanda ya ji warin gas a rami ya rufe tukunya daga sama. Kada ya sauka, kada ya ja igiya. Ya samu tabarma ya yi ta fifita ramin, ya jira sai warin ya gushe sarai.

Hayaƙin inji ma yana taruwa a rami. Injin gas hayaƙinsa ba ya baƙi, sai mutane su ɗauka ba ya da illa. Alhali akwai guba cikinsa wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, mutum ya zauna ya huta, daga nan ba ya iya tashi. Ba a zama cikin rami inji yana aiki. In wani ya faɗi a ciki, a kashe inji tukuna, kuma mai sauka ya ɗaura igiya a ƙugu, mutane na riƙe da ita a sama.

Cikin sanyin Disamba da Janairu akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Inji yana aiki da asuba, sai tukunya ta yi sanyi ƙalau, ta yi raɓa, inji ya rage ƙarfi ya mutu, alhali akwai gas a ciki. Dalili shi ne gas ruwa ne a cikin tukunya, sai ya samu ɗumi yake zama iska. In ana jansa da sauri tukunya tana hucewa. Wasu su kan kwantar da ita, wasu su kai ta bakin salansa ko bakin wuta. Duka biyu haɗari ne. Tukunyar da aka kwantar ruwan gas take turowa cikin tiyo, kuma kofi 1 na ruwan gas yana zama iska fiye da kofi 200. Maganin mai sauƙi ne. A tsayar da tukunya cikin daro, a zuba ruwan rijiya ya kai rabinta. Ruwan rijiya da asuba ya fi iskar waje ɗumi. In ya huce a canza. Babbar tukunya kuma ta fi ƙarama jimiri.

Wajen sauya mai, a rufe famfon isansi, a bar inji ya shanye na cikin kofi ya mutu, sannan a buɗe gas. In aka haɗa masa biyu lokaci ɗaya shaƙewa yake yi. Da gas galibi ba ya bukatar cok. Wajen kashewa kuma tukunya ake fara rufewa, inji ya shanye na cikin tiyo ya tsaya da kansa.

Mai inji zai lura ƙarfi ya ragu kaɗan bisa ga isansi. Haka yake, ba lalacewa ba ce. Zai kuma ga man inji ya daɗe bai yi baƙi ba. Kada hasken man ya ruɗe shi. A juye shi duk bayan awa 100 na aiki, kamar yadda aka saba. Mai ba ruwa awa 4 kullum, kwana 25 ke nan. Ya rubuta ranar a littafi. Gas busasshe ne, bawul sun fi jin zafi da shi, saboda haka sau ɗaya a tsakiyar rani a kai wa makanike ya duba tazararsu.

Injin da ya daɗe kan gas, kofinsa ya kan bushe, zoben roba ya ƙanƙance, allura ta maƙale. Ranar da gas ya yanke a kasuwa aka koma isansi, sai mai ya yi ta zuba. Sau ɗaya a mako a tada shi da isansi na minti 15. In kuma ruwan sama ya sauka aka tashi daga garka, a kwance ɗan notin da ke gindin kofi a zubar da sauran mai, a cire tiyon gas a naɗe shi a inuwa, a toshe bakin bututu da tsumma don kada zanzaro ya yi gini a ciki.